Abin da Baba Ya Gani a Ƙarƙashin Ganye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina ya rasu ranar wata Talata da hantsi, damina ta yi nisa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Pauwa da Ƙanƙara. Ba zan faɗi sunansa ba. Shekara goma sha huɗu ina aure a gidansa bakina bai taɓa furta shi ba, ba kuwa yanzu da ya kwanta dama zan fara ba. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malama, saboda ina koyar da kimiyya a firamaren garinmu.

Ranar sadakar uku ina tsakar gida ina kwashe tuwo, maza suna zaune a ƙofar gida, zana ce kawai tsakaninmu. Sai na ji wata murya ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutum ne da ba shi da abokin faɗa." Na ajiye marar da ke hannuna. Mai unguwa ne ya faɗa, mutumin da Baba ya yi wata biyar bai miƙa wa hannu ba. Aka amsa da amin kamar an faɗi gaskiya. Can kuma dillalin gawayi ya iso. Motarsa na tsaye a bakin hanya da buhuna har sama, kowa ya san daga inda aka ɗebo su. Ya roƙi a yi salati, ya ja addu'a ta fi ta liman tsawo.

Cikin gida ma ba a bar ni na huta ba. Wata tsohuwa ta ce, "To, ya dai huta da tonon ganye," aka rufe baki da gyale ana murmushi. Wata kuma ta rage murya ta ce, "Allah dai ya sa ya cika da imani, don sha'anin nan nashi na kurmi..." Ba ta ƙarasa ba, domin Inna, matar Baba, ta ɗago kai ta dube ta. Mai takaba ce, amma matar nan ba ta ƙara minti biyar ba ta nemi takalminta.

Tun ranar na gane nufinsu. Suna so su binne shi sau biyu: su sa gawarsa a rami, sannan su rufe halinsa da yabon ƙarya, ya zama wani tsoho mai haƙuri da ba ruwansa da kowa. Baba mafaɗaci ne. Ya yi faɗa da mai unguwa, ya yi da ƙannensa, ya yi da ɗan cikinsa wanda shi ne maigidana. Kuma a kan gaskiya ya yi. Shi ya sa na ɗauki biro.

A bayan garinmu, a bakin rafi, akwai wani kurmi da gidansu Baba suka gada. Ba wani ƙaton daji ba ne, in ka tsaya a wannan gefe ka ƙwala kira na wancan gefe zai amsa. Amma a cike yake: kanya, marke, ƙirya, maɗaci, ɗinya, ɓaure, tsamiya, da wasu da sai shi ya san sunansu. Ko da rani in ka shiga za ka ji sanyi a tafin ƙafa, don ganye ya zuba ya ruɓe, wani ya zuba a kansa, shekara da shekaru ba a taɓa sharewa ba. Mahaifin Baba Bamaguje ne, sai da ya manyanta ya musulunta. Saboda haka duk lokacin da aka hangi Baba durƙushe a kurmi yana tona ganye yana magana shi kaɗai, sai a ce tsafin gidansu ne bai sake shi ba. Shi kuwa da yake kiran abin da yake dubawa "'yan ƙasa", sai masu tsegumi suka ce ai ga shi nan, iskoki yake nufi. Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba.

Sati na uku da kawo ni gidan, na ga ganye ya taru a gindin kanyar da ke bakin kurmi, daidai inda muke bi zuwa rafi. Amarya ce ni, ina neman a ce ina da tsafta. Na share na tara, na ƙyasta ashana. Ban san daga inda ya ɓullo ba. Sai ganin dattijo na yi yana tattaka wuta da ƙafa ba takalmi, yana bugun ta da bakin riga. Na durƙusa gefe.

Bai dube ni ba, don suruki ba ya yi wa matar ɗansa magana kai-tsaye. Inna ya kira. Da ta zo, ina nan durƙushe taku uku daga gare shi, ya ce, "Ki tambayi amarya, mi suka yi mata?"

Inna ta ce, "Su wa, Malam?"

Ya cire hularsa fara ya shimfiɗa a rana, ya sa hannu can ƙarƙashin ganyen da bai ci wuta ba, ya damƙo baƙar ƙasa mai laima ya watsa a kai. Ya ce, "Ki ce ta duba, kar ta yi gaggawa."

Na duba. Da farko ƙasa kawai na gani. Jim kaɗan sai ƙasar ta fara motsi. Wasu ɗigo-ɗigo da ba su kai ƙwayar gero ba, wasu ma kamar ƙurar barkono, suna tafiya suna neman inuwa. Ya ce wa Inna, "Su ke cin ganye su mai da shi ƙasa. Ni ban iya ba, ke ba ki iya ba, gwamna ma bai iya ba. Ki ce mata shara a tsakar gida ake yin ta."

Kunya biyu na ji ranar. Ta farko ta suruka. Ta biyu kuwa ta malama, domin na karanta labarin halittun nan a kwaleji, na zana su a takardar jarrabawa na ci maki, amma ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba sai a kan hular wanda bai taɓa shiga aji ba.

Shekaru muka yi a haka, yana yi mini magana ta bakin Inna ko da ina tsaye a wurin. "Ki ce wa Malama miyar jiya ta yi." "Ki ce wa Malama ta hana ɗiyanta karya reshen ɗinya." Ni ma ta bakinta nake amsawa. Inna takan ce ta gaji da aikin tafinta ba albashi.

Abin da ya karya wannan al'ada wani ɗan gilashi ne mai ƙara girman abu, mai mariƙin roba, da ke kwance a akwatin makarantarmu ba mai taɓawa. Da aka yi hutu na roƙi hedimasta na zo da shi gida, na ba Inna ta ba shi. Ya jujjuya shi, ya ɗora a kan tafin hannunsa, ya yi tsaki ya ce ashe haka hannunsa ya tsattsage. Sannan ya sa a aljihu ya nufi kurmi. Ba mu sake ganinsa ba har aka kira azahar, furarsa ta tsinke a kwano.

Ina daka sai na ji an ce, "Malama!" Na waiga ina neman Inna, ba ta nan. Ni yake kira, kuma ni yake kallo, gwiwoyin wandonsa duk laka.

"Malama, ashe ba iri guda ba ne! Aradu ba iri guda ba ne!" Ya toshe baki ya yi istigfari, don rantsuwar mahaifinsa ce ta kuɓuce masa. Ya zauna a kan turmin da ke kife, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga lissafa mini. Akwai mai ƙyalli, kewayayye, shina tafiya a hankali kamar kunkuru, in ka taɓa shi ya dunƙule. Akwai mai dogayen ƙafafu, mai sauri, ya gan shi da idonsa ya cafke wani ya cinye. Akwai fari mai taushi. Akwai mai gashi kamar bushiya. Akwai wanda ke ɗauke da datti a baya kamar mai tallar kaya. Ga kuma jajayen nan masu laushi kamar karammiski, da ke fitowa bayan ruwan farko, waɗanda ko ba gilashi ana ganin su.

"Shekara sittin ina kallon su ina cewa 'yan ƙasa, kamar wanda ya shiga kasuwar Sheme ya ce duk wanda ke ciki sunanshi guda."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, in ka ƙirga ƙafafunsu za ka ga takwas ne. Dangin gizo-gizo ne, dangin kaska kuma."

Ya ɓata rai. "Kaska? Wadda ke shan jinin shanu?"

Na ce ita.

Sai ya ce, "To, mu ma a danginmu akwai wanda ba mu so a ambata a taro." Inna da ta shigo daidai lokacin ta yi dariya har ta zubar da ruwan da ta ɗebo.

Gilashin bai koma makaranta ba, sai wani na sayo na mayar. Cikin damina biyu Baba ya gano abin da ni ban sani ba. Waɗanda ke gindin kanya daban suke da na gindin marke. Na bakin rafi ba su hawa tudu. Na cikin ruɓaɓɓen kututture ba su zama cikin ganye. Ya je ya tona gindin bedi, wato dalbejiyar da ke ƙofar masallaci, wanda ake sharewa kullum, ya dawo ya ce ba kowa a gidan. Ya tona gonar ƙaninsa da ake yi wa feshin maganin ciyawa duk shekara, ya ce nan ma an yi ƙaura. Da ya faɗa wa ƙanin nasa haka a gaban mutane, suka yi sallar layya ba su gaisa ba. Ya kan ce, "Kowane icce da mutanenshi. In ka sare kanya, ba kanya kaɗai ka kashe ba."

Ba mai sauƙin zama ba ne, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa ƙwace gatarin wani maƙwabci da ya kama yana sassaƙar ɓawon maɗaci ya jefa a rafi. Ya hana Inna itacen girki daga kurmi sai wanda ya faɗo da kansa, shi ma in ya fara ruɓewa ba a ɗauka. Ta yi fushi ta tafi gidansu kwana huɗu a kan wannan. Amma shi ɗin ne kuma, da wata bazawara ta zo garinmu gudun hijira daga wajen Sabuwa da 'ya'ya huɗu, aka yi mata karamcin ba ta wani faƙo da ko ƙaya ba ta fitowa, ya ɗora wa jaki mangala ya dinga kai mata ruɓaɓɓen ganye. Ba ya kwashe wuri guda. Tafi biyu daga gindin wannan, tafi biyu daga gindin wancan. Ya sa ta tona ramuka ta zuba, ta rufe da kara da kashin awaki.

Ta ce, "Baba, wannan ɗan takin mi zai yi wa faƙo?"

Ya ce, "Ba taki na kawo maki ba, ma'aikata na kawo maki. Ki ba su inuwa da abinci, kar ki sa wuta. In kika sa wuta kar ki ƙara gaishe ni."

Shekara ta uku ta ɗaure dawa dami bakwai a wurin. Ita ce ranar rasuwarsa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna tun hantsi har la'asar, ba ta ci komai ba.

Sai masifar da kowa a ƙasar nan ya sani ta iso mu. Wata ranar kasuwa, maza sun tafi, 'yan bindiga suka shigo a kan babura da rana tsaka. Mu mata da yara kurmi muka ruga. Na kwanta rub da ciki a cikin ganyen nan, na danne bakin autata da hannu, muna jin harbi. Ba wanda ya shigo inda muke. Da muka fito an kore shanun gari, an kashe ɗan maƙwabcinmu, saurayi da saura wata guda a ɗaura masa aure.

Bayan kwana bakwai aka yi taro a ƙofar gidanmu, ina jin su daga zaure. Mai unguwa ya ce shawara ta zo cewa a share duk wani duhu da ke kusa da gari, don ɓarayi na laɓewa ciki. Dillalin gawayin nan, da ya yi shekaru yana zawarcin ƙiryoyi da marken kurmi Baba na korar sa, ya ce shi don Allah zai kawo injin yankan itace kyauta.

Baba ya ce, "Ta hanya suka zo, bisa babura, rana tsaka, kowa na gani. Ku datse hanya mana. Kurmin ga shi ya ɓoye matanku da ɗiyanku, yau shi ne ɓarawo?"

Sai maƙwabcinmu, uban wanda aka kashe, ya miƙe. Ya ce, "Malam, kai ƙwari kake karewa. Ni ɗana na binne."

Baba ya tashi daga inda yake ya je ya zauna kusa da shi ya dafa gwiwarsa. Da ya sake magana cewa ya yi ya yarda a sassabe sarƙaƙiyar da ke fuskantar gari, taku ashirin, don a riƙa hango mai tahowa. Amma kar a taɓa babban icce ko ɗaya, kar a sa wuta. Aka ce an ji, aka shafa fatiha. Ban taɓa jin haushin maƙwabcin nan ba. Wanda ya binne ɗa yana da hakkin ya ji tsoron inuwarsa ma. Haushina na kan waɗanda suka ɗauki hawayensa suka yi ciniki da shi.

Lokacin idon Baba ya riga ya yi yana, da ƙyar yake gane mutum sai ya ji murya, gilashin ma ya daina yi masa amfani. Da kaka ta wuce ɗiyarsa da ke aure a birni ta zo ta tafi da shi a yi masa aiki. Sati uku aka ce zai yi.

Kwana biyu da tafiyarsa, ina aji ina rubutu a allo, na ji kukan inji daga bayan gari. Ba ɗaya ba. Da na dawo gida na tarar da maigidana a zaure, shi ne babban ɗa, ba mai shiga kurmi sai da izininsa. Bai bari na tambaya ba ya ce, "An matsa mani. Gari duka ya taru a kaina. In wani abu ya sake faruwa, mu za a ce."

Ga abin da na ce masa, kuma shi ne abin da ke hana ni sakewa har yau. Na ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Na wuce na ɗora tukunya. Ina da waya a hannu, ina da lambar ƙanwar maigidana da ta tafi da Baba. Kira ɗaya da Baba ya hawo mota ko da bandeji a ido. Na ce wa kaina ba hurumin suruka ba ne, na ce kar a tayar wa majinyaci hankali. Ƙarya nake, tsoron ɓacin ran miji na ji. Kwana goma sha ɗaya injin na kuka ina koya wa yara amfanin itatuwa. Da aka gama sara aka haƙa ramukan gawayi a wurin, aka cinna wa ganyen wuta don a sami hanyar mota. Ba a yi sati ba sabon babur ya kwana a zaurenmu. Ban tambayi inda ya fito ba.

Baba ya dawo idonsa garau. Ya sauka daga mota yana dariya, yana cewa ashe Inna ta tsufa haka ba a faɗa masa ba. Inna ta yi ta jan sa da hira, ta kawo fura, ta kawo ruwan wanka. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai haɗa ido da shi. Ya ajiye ludayi ya fita. Muka bi shi daga nesa.

Shekara huɗu bai ga duniya sosai ba, abin da aka fara nuna wa sabon idonsa ke nan: kututture, toka, ramuka na hayaƙi, rafi tsirara rana na dukan sa. Ya taka har inda kanyar nan take a da. Ya durƙusa ya tona da hannu, toka. Ya matsa gaba ya tona, toka. Ya ciro gilashin daga aljihu, ashe da shi ya tafi asibiti, ya ɗebi ƙasa a tafin hannu ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kakkaɓe hannunsa ya kira ɗansa.

"Kai ka ce a yi?"

"Baba, gari ne ya..."

"Ban tambayi gari ba."

Maigidana ya ce, "Ni ne."

Baba ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Amma bai taɓa hawa babur ɗin nan ba. Ranar Juma'a da ƙafa yake tafiya masallacin da ke garin gaba, ɗansa na bin sa a hankali a kan babur yana roƙo, shi kuwa ko waiwaye. Ni ma ya koma yi mini magana ta bakin Inna. Bai taɓa tambaya ko na sani ba. Ya san na sani.

Da bazara ta gabato wasu baƙi suka zo da motoci da riguna iri ɗaya, wai shirin dashen itace. Sun kawo dashen itacen turare da bedi a leda, aka ja igiya aka jera su layi-layi a kan tokar kurmi. Mai unguwa ya ce musu akwai wani dattijo mai son itatuwa, shi ya dace ya dasa na farko a ɗauki hoto. Aka zo har gida da hula da riga. Baba ya je, amma bai karɓi rigar ba. Ya dubi layukan ya ce wa shugabansu, "Yaro, iri nawa kuka kawo?"

"Biyu, Baba. Masu saurin girma ne."

"Nan wurin iri ya fi talatin. Kowane da nashi ganye, kowane ganye da masu cin shi. Su kun kawo su? A wace leda suke?" Mutumin ya yi murmushi bai gane ba. Baba ya ɗaga murya har mai hoto ya sauke na'urarsa. "Icce za ku dasa, Allah ya ba da lada. Amma kar wanda ya rubuta cewa an mai da kurmi. Kakana bai ga farkonshi ba, ku kuma kun zo da igiya za ku yi shi kafin azahar!" Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, tsufa ne. Aka samu wani tsoho ya sa rigar.

Ruwan farko ya sauka, Baba ya zagaya wurin tun safe yana neman jajayen nan masu kama da karammiski, ya dawo bai ga ko ɗaya ba. Ruwa na uku ya zo da ƙarfi, ba ganye ba saiwa da za su tare shi, ya kwashe tokar da ƙasar da rabin dashen ya zuba a rafi. Inda muke ɗiban ruwa har tsakiyar rani ya cike da yashi. Gaɓar rafi ta zabge ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar maƙwabcin nan mai makoki. 'Yan bindiga kuwa sun sake zuwa garin da ke gaba da mu, ta hanya, a kan babura.

Ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe Baba ba. Kwana ne ya ƙare, ga shekaru, ga ciwon ƙirji. Amma na ga yadda ya rage cin abinci, na ga mutumin da ba ya iya zama ya koma wuni a zaure yana kallon bango. Ana saura kwana biyu ya rasu, na kai masa kunu na ajiye zan fita, sai ya ce, "Malama." Rabona da jin haka daga bakinsa wata biyar. Na durƙusa.

Ya ce, "Saura wuri guda. Maƙabarta. Ba mai sara, ba mai sa wuta, don suna tsoro. Na duba, suna nan, har masu ƙyallin." Ya huta. "Kin san abin da ban sani ba, kin yi karatu. Ki riƙa magana."

Na ce, "Baba, ka yafe mani."

Ya ce, "Kunun ya yi zafi, ki bar shi ya huce." Ban san ko wannan yafiya ce ba. Ita ce dai maganarmu ta ƙarshe.

Ranar sadakar arba'in ɗan ƙanin Baba da ke aiki a birni ya zo, yaron kirki ne, da zuciya ɗaya ya zo. Ina jin sa daga cikin gida yana ce wa maza ya ga maƙabarta ta yi duhu, ganye har ƙwauri, ga tsoron macizai. Ya sayo maganin feshi galan biyu, zai kuma ɗauki masu sassabe su share su ƙone, a rage rassa, ladan Allah ya kai kabarin Baba. Aka ɗauki "Allah ya yi albarka" ta ko'ina.

Ban san lokacin da na ja hijabi ba. Na ratsa zaure na tsaya a bakin ƙofa, gaban liman da mai unguwa da ƙannen Baba, ni da ko gaisuwa daga bayan zana nake yi musu. Na yi sallama. Na ce, "Ku gafarce ni, iyayena. Kun sare mashi kurmi shina asibiti, ni ma da ni aka yi, don na ji na yi shiru. Yanzu kuma za ku bi shi inda yake kwance ku ƙone, ku ce sadaka ce? In hanya ake so a share hanya, in maciji ake tsoro a sa takalmi. Amma maganin nan ba zai shiga wurin ba da sunan Baba. Ku nemi wani sunan."

Wani daga cikin ƙannensa ya ce, "Subhanallahi! Ina mijin wagga?" Sai na ji motsi a bayana. Inna ce, da takabarta, ta tsaya a cikin zaure inda ba a ganin ta amma ana jin ta. Ta ce, "Ba ita ke magana ba, ni ce. Yau ita ce tafintata."

Kowa ya juya ga maigidana. Ya daɗe kansa na ƙasa yana murza bakin tabarma. Sannan ya ce wa ɗan'uwansa, "Ka koma da maganinka. Ba za a yi ba." Liman ya yi gyaran murya ya ce dama ɗanyen ganye a kan kabari ba abin ƙi ba ne, a yi fatiha. Da ya faɗi haka tun farko da bai rage shi da komai ba.

An yi ta maganata a gari, an ce boko ya cire mini kunya. Ni da maigidana muna gaisawa, ina dafa masa abinci, amma abin da ke tsakaninmu bai warke ba, ban kuma san ranar warkewarsa ba. Kurmi ya tafi, jikokina ma ba za su ga irinsa ba. Abin da ya rage ɗan fili ne mai tsofaffin itatuwa a gabas da gari, wanda ni mace ban taɓa shiga ba, ba kuma zan shiga ba sai ranar da aka ɗauke ni a kafaɗa. Har ranar ta zo, duk wanda ya nufi wurin da ashana zai ji bakina.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, mai zafin rai, mai tausayin abin da ido ba ya gani. Ka yafe masa faɗansa, ka sanyaya makwancinsa, ka sa shi a inuwar da ba mai iya sarewa. Mu kuma da muka yi shiru a lokacin magana, ka yafe mana in mun cancanta.